Me ya kori mutanen Jado, alhali ruwansu bai ƙafe ba?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Damagaram: "Malam, lokacin da aka yi rububin zinariya na yi aiki a wajen Jado. Na ga wani tsohon birni a kan dutse, ba kowa a ciki, ga dabino kewaye da shi, ga ruwa kwance a gindinsa. Mu kuwa a wurin haƙa, jarka-jarka muke sayen ruwa da tsada. Su wa suka gina shi? Daga ina ruwan yake fitowa a tsakiyar hamada? Kuma me zai sa mutum ya tashi ya bar ruwa a irin wannan wuri?"

Ɗan'uwa, barka da dawowa, Allah ya sa an samo abin da aka je nema. Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai nauyi, saboda haka bari in ba ka amsarta a dunƙule kafin in warware. Ƙishirwa ba ta kori kowa daga Jado ba. Ruwan da ka gani, shi mutanen garin suka bari, kuma yana nan inda suka bar shi. Abin da ya mutu shi ne hanya. Garin hamada da abu biyu yake tsayawa, ruwa da ayari, in ayari ya daina zuwa ruwa kaɗai ba ya riƙe mutane.

Ga waɗanda ba su san wurin ba: Jado yana can ƙuryar arewa maso gabashin Nijar, cikin jihar Agadas, a gindin tsaunukan da su ma ake kira da sunansa. In ka baro Balma ka yi arewa, za ka bi jerin dausayin Kawar, wato Dirku da Aney har Segedin, duk suna jingine da wata doguwar katangar dutse mai kusan kilomita 150 wadda ke tare musu iska da rairayi. Daga Segedin sai ka karkata arewa maso yamma zuwa Cirfa, inda mutane ke zaune yau. Kufan Jado yana 'yan kilomita kaɗan daga nan, ƙaninsa Jaba kuma yana gaba kaɗan.

Mu fara da ruwan, tunda shi ne fannina.

A Balma, ruwan saman da ake samu a shekara guda, in an kwatanta shekaru da yawa, bai kai milimita 20 ba. Hadari ɗaya mai kyau a Damagaram cikin watan Agusta ya fi shi. Akwai shekarun da ko ɗigo ba a gani. To ruwan da ke kwance a gindin Jado ba na daminar bara ba ne, ba kuma na zamanin kakanka ba. Tsohon ruwa ne ƙwarai. Tsakanin shekara kamar 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, wannan hamadar daji ce mai ciyawa da tafkuna. Tafkin Cadi a lokacin ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, ya fi wasu ƙasashen Afirka ta Yamma girma. Shaidar ba a takarda kaɗai take ba. A jikin duwatsun da ke bayan Jado akwai zanen raƙumin dawa da giwa da shanu, waɗanda mutanen wancan zamani suka sassaƙa, kuma mutum ba ya zana dabbar da bai taɓa gani ba da irin wannan ƙwarewa. A Gobero, can cikin Tenere, an tono maƙabartar mutanen da suka zauna a bakin tafki suna kamun kifi, aka samu ƙasusuwan kada da dorina a wurin da yau ko ƙadangare sai ya yi da gaske.

Ruwan saman wancan lokaci, da na wasu zamunna masu dausayi da suka gabace shi, ya nutse cikin wani irin dutse da asalinsa rairayi ne da ya daskare. Wannan dutse yana shan ruwa yana riƙewa, yana kuma sakinsa a hankali, kamar yadda sabon tulu ke tsattsafo da ruwa ta jikinsa. Shimfiɗe yake a ƙarƙashin ƙasa, hawa-hawa, tsakaninsa da laka mai tauri wadda ruwa ba ya ratsawa. Inda ƙasa ta tsage, ko inda ta yi kwari har ta kusa taɓa wannan shimfiɗa, nan ruwan ke samun kafar fitowa. Shi ya sa garuruwan Kawar suka jeru a layi ɗaya a gindin katangar dutse, ba su warwatsu ba. Mutane ba su zaɓi wurin ba, tsagar ƙasa ce ta zaɓa musu. A wasu wuraren ruwan na ɓuɓɓugowa da kansa, a wasu kuwa in ka haƙa kamu biyu ko uku ka same shi.

Sai dai akwai abin da ke faruwa da ruwa in ya fito fili a ƙasar da rana ke da wannan ƙarfi, kuma ba shi da mafita. Ba kogi da zai kwashe shi. Rana na ɗebe ruwan, gishirin da ke narke a cikinsa na zama. Shekara dubu ana haka, sai ƙasar ta zama gishiri. Ka tuna bakin kududdufin da ka gani: daga tsakiya ruwa ne kore-kore da kainuwar hamada da dogayen ciyayi, daga gefe taɓo baƙi, sannan wani farin ɓawo mai ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Wannan ɓawon shi ne tarihin ruwan da ya riga ya tashi sama. A idon da ruwan ke fitowa yana iya zama mai daɗin sha, amma taku ashirin daga nan ya koma zartsi. A Balma mutane sun mai da wannan matsala sana'a: suna haƙa ramuka a Kalala, ruwa ya taru, rana ta dafa shi, a kwashe gishiri a zuba a mazubi a fitar da kantu, wanda shanun ƙasar Hausa suka yi ɗaruruwan shekaru suna lasa.

Da wannan laka mai gishiri, haɗe da duwatsu da gungumen dabino, aka gina Jado. In ta bushe tana yin tauri sosai, shi ya sa ginin ya daɗe haka. Maƙiyinta ɗaya ne, ruwan sama. A watan Agusta na 2006 an yi wani ruwa mai ƙarfi a Balma, gidaje masu yawa suka narke suka zube. Duk ruwan da ya sauka a Jado, ko sau ɗaya ne a shekara goma, sai ya ci wani abu daga ganuwar, kuma babu mai yin yaɓe.

Su wa suka gina shi? In ka tambayi dattawan yankin za su ce maka mutanen So ne, wasu ƙarfafa na zamanin da, waɗanda Barebari ke danganta wa duk wani tsohon gini da ya gagari bayani, tun daga Kawar har bakin Tafkin Cadi. Labarin baka ne, a riƙe shi a matsayinsa. Abin da ke rubuce ya fi yawa a kan Kawar gaba ɗaya. Masanin tarihin Masar Ibn Abdul Hakam, wanda ya rayu a ƙarni na 9, ya ruwaito cewa jagoran yaƙin Larabawa Uƙba ɗan Nafi'u ya kai yaƙi har Kawar wajen shekara ta 666, ya tarar da garuruwa masu ganuwa, ya ɗora musu harajin bayi 360. A cikin labarin ne ƙishirwa ta kusa halaka rundunarsa, dokinsa ya tona ƙasa da kofato ruwa ya fito. Labarin bai ambaci Jado da suna ba, amma ya nuna abu biyu: tun wancan lokaci mutanen yankin a bayan ganuwa suke kwana, kuma ruwan yana kusa da sama har kofaton doki na iya kai masa. A 1154 masanin labarin ƙasa Idrisi ya rubuta cewa daga Kawar ake fitar da alif mai kyau zuwa Masar da wasu ƙasashen arewa, inda marina da majema ke bukatarsa.

A ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dibalemi, daular Kanem ta shimfiɗa ikonta a kan wannan hanya tun daga Tafkin Cadi har Fazzan, a kudancin Libiya ta yau, ta ajiye wakilinta a garin Taragan da ke can. Daga nan ne Barebari suka yi ƙarfi a garuruwan Kawar, kuma su ne mazauna Jado na ƙarshe da aka sani. A ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Borno ma ya kai yaƙi yankin don kada hanyar ta kuɓuce masa. Babbar hanyar Borno zuwa Tarabulus ta Segedin take bi ta miƙe arewa zuwa Murzuk. Jado yana kan reshen da ya karkata zuwa Janet da Gat. Wato zango ne mai muhimmanci, amma ba shi ne a kan babban titi ba, kuma in ciniki ya fara ja da baya, reshe ke fara bushewa.

Kada mu yi wa hanyar ado. Abin da ya fi tafiya arewa a kanta shi ne mutane. Turawan Birtaniya uku, Denham da Clapperton da Oudney, da suka bi ta a ƙarshen 1822 zuwa farkon 1823 a hanyarsu ta zuwa Kukawa, sun ba da labarin ƙasusuwan bayi barkatai a bakin rijiyoyi. Yawancinsu sun mutu ne dab da ruwa, bayan kwanaki na tafiya ba tare da shi ba. Arzikin garuruwan dausayi, har da wanda ya gina benayen da ka gani, yana da wannan a cikinsa.

Yanzu dubi yadda aka yi ginin, domin shi kansa yana magana. Ga fili shimfiɗe a gindin dabino, ga inuwa, ga ruwa kusa, amma suka haye kan dutse suka cusa gidaje a jikin juna, bangon wannan shi ne bangon wancan, lungunan ciki mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa, ɗakunan ƙanana, da yawansu ma na ajiyar dabino da hatsi ne. Mace za ta sauko ta ɗebi ruwa ta hau da shi kullum. Babu wanda ke zaɓar wannan wahala sai mai jin tsoro. Jado rumbu ne da aka yi wa ganuwa, mutane suka kwana a cikinsa suna gadi.

Abin da suke gadi kuwa shi ne hatsi, kuma nan ne ƙasar Hausa ta shigo cikin labarin. Ƙasa mai gishiri tana ba da dabino, tana ba da ɗan lambu, amma ba ta ba da geron da zai ciyar da gari. Ba a tuƙa tuwo da gishiri, ba a kuma shekara ana cin dabino zalla. Geron Kawar daga Damargu da Damagaram da sauran ƙasar Hausa yake zuwa, a bayan raƙuman Buzaye, waɗanda ke tashi daga Abzin wajen Oktoba, su ratsa Tenere ta Faci zuwa Balma, tafiyar kusan kilomita 600. Su sauke gero, su ɗauki kantu da dabino, su gangara da su kudu har Kano. A farkon ƙarni na 20 raƙuman ayari ɗaya kan kai dubbai. Wanda ke kawo maka abinci shi ke yanka maka farashi, kuma shekarar da ayari bai zo ba, yunwa ce, ko da ruwa ya kai maka gwiwa. Jado kuma ya fi kowa nisa daga inda ayarin ke sauke kaya.

Ƙarni na 19 ya zo wa yankin da masifu a jere. Borno ta yi rauni, ba ta iya tsare garuruwan da ke nesa da ita. Buzayen Abzin da Tubawan Tibesti suna kai wa juna hari, garuruwan dausayi na tsakiya, kowa ya zo wucewa sai ya taɓa su. A shekarun 1840 Larabawan Aulad Sulaiman, da Turkawa suka fatattaka daga Fazzan, suka koma Kanem suka mai da hari sana'a, Kawar na cikin wuraren da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Mahara kuma sun san lokacin zuwa: bayan an sauke dabino an cika rumbuna. Su kwashe amfani, su kora raƙuma, su tafi da mata da yara. A 1893 Rabe ya ci Borno ya rushe Kukawa, kasuwar da hanyar ke kaiwa gare ta. Faransa ta kama Balma a 1906. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, kayan da a da sai sun yi wata da watanni a kan raƙumi suka koma zuwa ta Ikko, a shekarar ce kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Kafin a kai nan ma Jado ya riga ya zube. Ba a rana ɗaya aka tashi ba. Gida-gida aka riƙa zarewa, wasu suka yi Cirfa, wasu suka gangara Kawar, har ya zama waɗanda suka rage ba su isa su tsare ganuwa ba.

Za ka ji ana cewa sauro ne ya kore su. Da gaskiya a ciki, kai ma na tabbata ka sha cizo in ka kai magariba a wurin. Ruwa kwance, da ɗumi, da ciyayi, babu abin da sauron zazzaɓi ke so kamar wannan, kuma ɗan zartsi ba ya hana wasu irinsa hayayyafa. Murzuk ma da wannan ta yi suna, fadamun gishirin da ke kewaye da ita sun kwantar da matafiya da yawa, wani Baturen Ingila mai suna Ritchie a can ya mutu a 1819. Amma ni ban yarda sauro kaɗai ya isa bayani ba. Sauron yana nan lokacin da aka gina garin, yana nan duk ƙarnonin da garin ke cike. Mutum yana jure zazzaɓi in akwai riba a zaman. A ganina abin ya tafi ne a haɗe: hari ya rage mutane, hannun da ke yashe magudanai da sare ciyayi ya ragu, ruwa ya ƙara kwanciya, sauro ya ƙaru, yunwa ta sa jiki ba ya iya ɗaukar zazzaɓin da a da yake ɗauka. Sauro ya ƙarasa aikin da wasu suka fara, kuma shi ne ya hana a dawo bayan da hari ya lafa.

Akwai gyara ɗaya da zan yi wa tambayarka. Ka ce ba kowa. Gidajen ne ba kowa, amma dabinon nan da ka gani kowane gindi da mai shi. Da Barebari suka janye, Tubawa ne suka gaje yawancin itatuwan, ta hanyar aure da saye da kuma ƙarfi. Auratayyar ɓangarorin biyu ta daɗe a Kawar, har akwai jama'ar da ake kira Gezebida waɗanda daga ita suka fito. Dabinon Jado ba a yi masa ban-ruwa, saiwarsa ce ke kaiwa ga ruwan ƙasa da kanta, shi ya sa ya rayu bayan masu shi sun tafi. Abin da yake bukata daga mutum kaɗan ne amma ba makawa. Dabino akwai namiji akwai mace. In sanyi ya fara wucewa furen ya buɗe, mai so ya samu amfani mai kyau sai ya hau namijin ya yanko furensa, ya hau macen, yana kauce wa ƙayoyi masu tsawon yatsa a gindin ganye, ya tsaga 'yan silin furen namiji ya cusa a tsakiyar nata ya ɗaure. Itace ɗaya bayan ɗaya. Sannan wajen Agusta da Satumba iyalai su zo su kafa bukkokin kaba a gefen kufan, su sauke dabino, su shanya, su ɗura a buhu, su tafi. Suna cin amfanin ruwan, ba sa kwana da sauronsa shekara cur. In ka tambaye ni, sun fi masu benayen dabara, ko da yake su ba su da ayarin da za su tsaya jira.

Zinariyar da ta kai ka ta fito ne a 2014, gwamnati ta rufe wurin a 2017. A tsakanin nan dubban mutane daga Nijar da Cadi da Sudan da Libiya da Nijeriya suka kwarara, aka yi kasuwanni da rumfuna a inda babu ko rijiya, ana kawo ruwa a tanka daga nesa. Ka ga bambancin da tsohon tsari: a da ruwa ke cewa ga inda gari zai zauna, yanzu mota ta sa ana iya kafa gari a ko'ina muddin akwai abin biyan kuɗin mai. Irin wannan gari kuwa ya fi saurin mutuwa. Jado ya yi ƙarnoni kafin ya zama kufai, sansanonin zinariya ba su yi shekara uku ba aka rufe su.

Wani zai ce, to me zai hana a kafa famfo mai aiki da hasken rana a raya wurin? Ana iyawa, kuma rijiyar burtsatse mai zurfi takan ba da ruwan da ya fi na kududdufi tsabta nesa ba kusa ba. Amma a tuna cewa ajiya ce ake ɗiba, abin da ke komawa cikinta a yanzu bai taka kara ya karya ba. Libiya ta fara babban aikin janyo irin wannan ruwa daga ƙarƙashin hamada zuwa biranen gaɓar teku a 1984, ga kuma manyan gonakin da aka buɗe a Fazzan, kuma a wurare da dama can ruwan ƙasa ya yi ƙasa, tsofaffin rijiyoyi suka ƙafe, dabinon da ba a yi wa ban-ruwa ya bushe a tsaye. Dabinon Jado da 'yan kamu kaɗan yake rayuwa. In ruwan ya sauka fiye da inda saiwa ke kaiwa, shi zai fara tafiya, tun kafin mai famfo ya lura da wani canji a bututunsa. Ruwan sha na gari kamar Cirfa ba zai yi wannan ɓarna ba. Wankin zinariya da manyan injuna, ko noman kasuwa, suna iya yi.

Nijar ta sa Jado cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya tun 2006, har yau kuma a jerin jira yake. Rashin tsaro a yankin ya kori masu yawon buɗe ido da masu bincike, shi ya sa mutane irinka, da suka je neman abinci, su ne suka fi ganin wurin a 'yan shekarun nan. In Allah ya sake kai ka, ka nemi ɗan gari daga Cirfa ya shiga da kai, kada ka hau saman ɗakunan don azarar ta ruɓe, ka tafi da gidan sauro, kada kuma ka sha na kududdufin sai ka tafasa.